Tsara Birane ko Nazarin Zamantakewa: Wace Ƙofa Ce Ta Fi Dacewa da Mai Son Binciken Tsaron Mata a Titunan Legas?

'Yar wana ta kammala bautar ƙasa a bara, kuma tun tana aji uku a jami'a, inda ta karanta labarin ƙasa, take ɗauke da wata tambaya da ta hana ta sakat: me ya sa matan unguwarmu a Agege suke yin dogon zagaye don kauce wa lungun da maza ke ratsawa ba tare da sun ko lura da shi ba, kuma me ya sa yarinyar da ta sami aiki a Ikeja ko a Marina take haƙura da shi da zarar an ce sai bayan isha'i za ta riƙa tashi? Da ta yanke shawarar yin digiri na biyu a kan wannan, sai ta zo mini da bayanan sassa biyu, na Tsara Birane da Yankuna da na Nazarin Zamantakewa, ta ce, "Gwaggo, dukansu sun ce suna karɓar irin wannan bincike, to wanne zan cika?" Na ba ta amsa a daren, amma gajeruwa ce, kuma na san akwai irinta da yawa a Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago, mata da maza, shi ya sa na ga ya kamata in shimfiɗa maganar sosai. Ni tsara birane na karanta, da shi nake neman abinci, don haka mai karatu ya san inda na tsaya tun daga farko.

Sassan biyu duka suna nan a Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, na farko a ƙarƙashin Tsangayar Kimiyyar Muhalli, na biyu a ƙarƙashin Tsangayar Kimiyyar Zamantakewa. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wadda aka kafa a 1983, tana da nata sashen zamantakewa, tana kuma da makaranta ta musamman kan sufuri. Taken bincike guda ɗaya zai iya shiga ta kowace ƙofa, kuma wannan ne ke ruɗar ɗalibai. Inda suka rabu shi ne irin tambayar da za a koya wa ɗalibi ya yi, da abin da za a yarda da shi a matsayin hujja ranar kare kundi, da kuma mutanen da za su saurare shi bayan ya fita da takardarsa.

A sashen tsara birane, wuri ne abin bincike. Za a koya wa ɗaliba ta auna faɗin hanyar masu tafiya a ƙasa, ta ƙirga fitilun kan titi masu aiki da matattu, ta lura da tsayin katanga da inda tagogi da ƙofofin shaguna suka fuskanta, ta zuba duk wannan a taswirar kwamfuta ta hanyar fasahar GIS. Tunanin da ke bayan wannan aiki tsoho ne. A 1961 Jane Jacobs ta yi bayanin cewa titin da ke da shaguna a buɗe da mutane masu kai da kawowa dare da rana yana tsare kansa, domin akwai idanu a kansa. A 1971 C. Ray Jeffery ya fito da ra'ayin hana aikata laifi ta hanyar tsara muhalli, sannan a 1972 Oscar Newman ya yi magana kan yadda fasalin gidaje ke sa mazauna su ji cewa farfajiyar tasu ce, su kare ta. Waɗannan masana ba matsalar mata suka sa a gaba ba. Mata ne da kansu suka shigar da kansu: a 1989 wata ƙungiya mai suna METRAC a birnin Toronto na Kanada ta ƙirƙiro zagayen tantance tsaro, inda matan unguwa ke fita a ƙafa da takarda a hannu suna nuna wuraren da ke tsorata su da dalili. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai ta fara shirinta na birane masu aminci a 1996, hukumar mata ta majalisar kuma ta ƙaddamar da nata a 2010 a birane biyar, biyu daga cikinsu a Afirka, wato Alƙahira da Kigali. A 2013 aka fito da manhajar Safetipin a Delhi ta Indiya, wadda ke auna abubuwa tara a kowane wuri, daga haske da yawan jama'a da ingancin hanyar ƙafa har zuwa ko akwai mata da yara a wurin ko maza ne zalla. Duk wannan gado yana hannun mai tsara birane, kuma babban amfaninsa shi ne yana ƙarewa da abin da za a iya ginawa ko a gyara.

Sai dai akwai abin da ma'auni ba ya gani, kuma da idona na koyi haka. Wata rana bayan magariba na fita zagaye da mata shida daga wata islamiyya ta matan aure, muka taso daga kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege muka nufi cikin unguwa. Takardar da na tsara ta fi ba haske muhimmanci, domin abin da aka koya mini ke nan. Muka shiga wani lungu mai duhu wanda tun da rana na riga na yi masa jan alama, sai na ga matan sun saki jiki suna hira. A tsakiyar lungun wata dattijuwa ce ke suyar awara da 'yar fitilarta mai caji a kan bokiti, gaba kaɗan mai shayi ne da benci biyu, kuma duk wadda ta wuce sai ta ce "Inna, sannu da aiki," ita kuma ta tambayi lafiyar yara da sunayensu. Da muka fito babban titi, wurin da fitila ke haske kamar rana kusa da inda motoci ke lodi, sai hirar ta mutu, kowa ta gyara hijabinta, aka ƙara sauri. Samari ne zaune a kan babura da bakin kwata, babu mace ko ɗaya a tsaye a wurin. Na tambayi babbarsu me ya faru, ga haske ga jama'a, sai ta ce, "Malama, ai hasken nan su yake yi wa amfani, tun daga nesa suke hango mu su shirya abin da za su faɗa." A takardata wurin ya ci maki mai kyau, lungun awara kuma ya faɗi.

A wannan daren ne kuma suka nuna mini ƙofar ƙarfe da mazauna wani layi suka sa saboda ɓarayi, wadda ake kullewa da wuri, duk da cewa gwamnatin jiha ta sha nanata cewa daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba kaɗai aka yarda a rufe irin waɗannan ƙofofi. Ƙofar ta tsare masu motocin layin, amma ta tilasta wa matar da ta taso daga kasuwa ta zagaya ta bakin magudanar ruwa inda babu kowa. Mai tsara birane zai iya sa ƙofar a taswira cikin minti ɗaya. Sanin wanda ya yanke shawarar sa ta, da dalilin da ya sa babu mace a taron ƙungiyar ci gaban unguwar da aka yi maganar, wannan kuma aikin ɗaya sashen ne.

Nazarin zamantakewa mutane yake bi. Tambayarsa ita ce wane ne ke tsangwamar, wace ce ake tsangwama, me ya sa ake yin shiru, kuma wa ke amfana da shirun. Za a horar da ɗaliba kan yin doguwar hira da mutum ɗaya, da jagorantar zaman tattaunawa na rukuni, da tsara takardar tambayoyi wadda ba ta sa wa mai amsa magana a baki, da karanta alƙaluma ba tare da an ruɗe da su ba. A nan ne za ta gamu da aikin Gill Valentine na 1989 kan yadda tsoro ke zana wa mata taswirar gari a cikin kansu, da kuma abin da masu bincike suka daɗe da lura da shi, cewa mata sun fi tsoron titi alhali cin zarafi mafi yawa a cikin gida yake faruwa, daga hannun wanda aka sani. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa mata 31 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15, tara cikin 100 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Duk wanda ya riƙe wannan adadi na ƙarshe a ransa ba zai ɗauki rajistar ofishin 'yan sanda ya ce ya zana taswirar haɗarin da mata ke ciki ba, domin abin da ya zana taswirar waɗanda suka iya kai ƙara ce kawai. Taɓe-taɓe a cikin danfo, wato ƙananan bas na haya, da maganganun batsa a tasha, da bin mace a baya har ƙofar gida, kusan babu mai kai su gaban hukuma, alhali su ne ke sa uba ya ce 'yarsa ba za ta yi karatun yamma ba.

Ga ɗalibar da ta taso a cikin al'ummarmu, wannan horo yana da wata daraja ta daban. Zamanmu a Legas yana da nasa tsarin: akwai sarakunan Hausawa da masu unguwanni, akwai malamai da shugabannin kasuwa, akwai gidajen da mace ba ta fita sai da izini da gidajen da mace ce ke ciyar da kowa da sana'arta, akwai gidajen haya masu ɗakuna a jere suna fuskantar juna inda banɗaki ɗaya ne a can baya, kuma zuwa wurinsa da tsakar dare shi kansa tafiya ce mai haɗari ga budurwa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, cewa matar da ba ta jin Yarbanci ko Turancin buroka sosai tana jin kanta baƙuwa a motar haya, ba ta iya ɗaga murya idan an yi mata ba daidai ba. Sashen zamantakewa ne ke da kayan aikin tono irin waɗannan abubuwa, kuma shi ne ya fi sabawa da ƙa'idojin ɗa'ar bincike. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan binciken cin zarafin mata: a yi hira da mace ita kaɗai inda ba mai ji, kada a yi shelar cewa binciken na cin zarafi ne, a horar da masu yin hirar, kuma a tafi da bayanin inda za a tura wadda ke buƙatar taimako. A Legas wuraren turawar suna nan, kamar Cibiyar Mirabel da aka buɗe a 2013 a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, da hukumar jiha mai yaƙi da cin zarafi a gida da ta hanyar lalata wadda aka kafa a 2021. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara ɗora nauyi kan duk mai riƙe da sirrin mutane. A abin da na gani, ɗaliban tsara birane da yawa suna fita fili ba tare da an zaunar da su an koya musu wannan ba, kuma a unguwar da kowa ya san kowa, ɗigo ɗaya a taswira da 'yar magana a gefensa ya isa a gane gidan da kuma matar.

Raunin kundin zamantakewa yana bayyana ne a babi na ƙarshe. Bayan an sha wahala an tattaro muryoyin mata masu ratsa zuciya, sai shawarwarin su ƙare da cewa a wayar da kan jama'a, gwamnati ta ƙara ƙaimi, iyaye su sa ido. Injiniyan da ke zaune a Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jiha take, ko jami'in hukumar LAMATA mai kula da sufurin birnin, ba shi da abin da zai yi da wannan. Abin da yake so ya ji shi ne a wace tasha, ta wane gefen titi, mita nawa, fitila nawa, a matsar da matakalar gadar masu ƙafa zuwa ina, kuma nawa za a kashe. Legas tana cikin wani zamani na gine-ginen sufuri da ba ta taɓa gani ba: motocin BRT, wato manyan bas masu layinsu na musamman a titi, sun fara aiki a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, an buɗe babbar tashar Oshodi a 2019, gadar Pen Cinema a 2021, jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, sannan Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024, wanda ke tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Kowace tasha da aka gina za ta yi shekaru da dama tana tsara yadda mata ke tafiya, kuma a teburin da ake zana ta masu tsara birane da injiniyoyi ne ke zaune. Lokacin da aka kashe wata budurwa 'yar shekara 22 bayan ta shiga motar BRT da dare a yankin Lekki a watan Fabrairu na 2022, garin ya girgiza, aka yi ta magana kan kyamarori da sa ido kan direbobi. Irin wannan lokaci yana buƙatar wanda ke da bincike a hannu da zai ce ga abin da za a canja, kuma ga inda za a fara.

Amma kusanci da masu iko yana da nasa haɗarin, kuma wannan ne abin da na fi jan kunnen 'yar wana a kai. Taswirar da aka yi wa jajayen ɗigo-ɗigo aka ce ga wurare masu haɗari tana iya zama hujjar rusau a hannun wanda dama yake neman dalili. Wannan gari ya ga rusau ɗin unguwar talakawa ta Maroko a 1990, ya ga na Otodo Gbame a 2016 da 2017, kuma yana da dokar hana talla da kasuwanci a kan titi tun 2003. Idan ɗaliba ta rubuta cewa rumfuna da masu teburi suna tare gani, gobe aka kwashe su, to ta kori Inna mai awara da mai shayin da su ne tsaron lungun, ta kuma raba wasu matan da abincinsu. Ɗalibin zamantakewa yana fita da wannan tsoro a ransa saboda an koya masa tambayar wa zai cutu. Ɗalibin tsara birane sai ya yi dace da malami mai irin wannan tunani. Akwai su kuwa; Farfesa Taibat Lawanson, wadda ta fito daga sashen tsara birane na Akoka, ta yi suna da bincike kan talaucin birni da rayuwar unguwannin da ba a tsara ba a Legas, kuma ayyukan irinta sun nuna cewa ana iya yin tsara birane da talaka a tsakiyar lissafi.

Misali ɗaya zai nuna yadda batu guda ke rabuwa biyu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba kuma ta ƙara huɗu, ciki har da Mushin, inda Idi-Araba take, da Kosofe, inda Mile 12 take. Agege ba ta cikin goman nan. Ga mai bincike wannan dama ce babba, domin ga unguwannin Hausawa uku, biyu a cikin dokar, ɗaya a wajenta. Mai tsara birane zai auna tazarar da ke tsakanin tasha da ƙofar gida, ya ga abin da ya maye gurbin babur, keke ne ko ƙaramar bas ko ƙafa, ya ƙirga mintunan da aka ƙara wa tafiyar mace bayan duhu, ya nuna inda ya kamata a sa matsayar keke da fitila. Mai nazarin zamantakewa zai tambayi matan ko dama sun yarda da hawa bayan baƙon namiji, ko akwai ɗan acaɓan da aka sani ake kira a waya, da yadda gidajen da acaɓar ce ke ciyar da su suka kasance, tunda da yawa daga cikin masu sana'ar 'yan uwanmu ne daga arewa. Kundi na farko zai iya canja fasalin tasha. Kundi na biyu zai iya nuna cewa dokar ta taɓa mace ta fuska biyu, a hanya da kuma a tukunya.

Game da shiga da fita, maganar ba ta da tsawo. Wanda ya karanta labarin ƙasa ko zanen gine-gine ko safiyo yakan sami hanya zuwa tsara birane, wani lokaci ta difloma ta gaba da digiri, kuma karatun yana da aikin zane da fita fili da ke cin lokaci da kuɗi, ga buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. A ƙarshensa akwai sana'a mai rajista, ƙarƙashin majalisar rajistar masu tsara birane, wato TOPREC, da dokar 1988 ta kafa da kuma ƙungiyar masu tsara birane ta ƙasa da ta samo asali tun 1966, sai dai wajibi ne ɗalibi ya tambaya kafin ya biya kuɗi ko kwas ɗin da zai shiga yana kai wa ga rajistar, domin ba kowane digiri na biyu ne ke kai wa ba. Zamantakewa ya fi sauƙin kayan aiki, kuma ƙofofinsa su ne koyarwa da ƙungiyoyi masu zaman kansu da hukumomin kare mata, har da manyan ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance, waɗanda ke neman masu duba tasirin aiki a kan jama'a. A jami'ar gwamnatin tarayya kuma a sa yajin aiki a lissafi, tunda na 2022 ya ci wata takwas. Masu tunanin fita waje su sani cewa digiri na biyu a Ingila galibi shekara ɗaya ne, kundin kuma 'yan watanni ake ba shi, waɗanda ba za su isa a dawo Agege a sami amincewar mata har su buɗe baki ba. Ya fi dacewa da mai neman ilimin ra'ayoyi da zai dawo ya yi digiri na uku a gida. Tallafin karatu na TETFund kuwa, wato asusun gwamnati na bunƙasa manyan makarantu, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne.

Abin da ya fi sunan sashe nauyi shi ne malamin da zai duba aikin. Na ga ɗalibar da ta shiga sashen da ya dace amma ta faɗa hannun malamin da ke ganin maganar jinsi ɓata lokaci ce, ya mayar mata da bincike ƙirgar fitilu kawai, na kuma ga wadda malaminta bai taɓa taka unguwar da take nazari ba, amma ya saurare ta ya haɗa ta da wanda ya sani. Kafin a cika fom, a nemi abin da malamin ya wallafa a 'yan shekarun nan a karanta, a tambayi ɗalibansa na da wata nawa babi ke yi a teburinsa, a kuma tambaye shi kai tsaye ko zai yarda da malami na biyu daga wani sashe. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe tana bayyana abubuwa da yawa.

Akwai kuma abin da babu sashen da zai koya wa ɗalibi, sai wanda ya zauna a cikinmu. Titin unguwar Hausawa a watan azumi wani titi ne daban, domin mata na fita tarawihi da tahajjud, masu abinci na kwana a buɗe, lungun da ake tsoro a sauran watanni ya cika da jama'a har asuba. Wanda ya tattara bayanansa a azumi kaɗai, ko a wajensa kaɗai, ya ga rabin hoto, kuma kwatanta lokutan biyu shi kansa gwaji ne na ra'ayin idanu a kan titi wanda ba sai an kashe ko sisi ba. Damina ma haka take, domin ruwa na toshe gajeriyar hanya ya tura mutane wata. Sannan shiga gidaje tana da ladabinta: a fara da gaisuwa a fadar sarkin Hausawa da wurin mai unguwa, a bi ta hannun malamar islamiyya ko shugabar matan kasuwa, a bayyana wa magidanta cewa maganar hanya ce da fitila da mota. Zama 'yar gida yana buɗe ƙofa, amma yana iya rufe baki, domin wata ba za ta faɗa wa 'yar maƙwabta abin da za ta faɗa wa baƙuwa ba, don haka gara ɗalibar Agege ta yi hirarraki masu nauyi a Idi-Araba, ta bar zagayen ƙafa a unguwarsu. Kuma kada ta fita zagayen dare ita kaɗai ko da sau ɗaya.

Ɗalibi namiji yana da wurinsa a wannan fage, wurin da ma ya fi ƙarancin masu shiga. Ba zai shiga cikin gida ya yi hira da matan aure ba, sai dai ya ɗauki mataimakiya, amma shi ne zai iya zama a benci da 'yan tasha da direbobi da yaran mota da 'yan sintiri da masu shayi ya ji yadda suke kallon macen da ke wucewa, da abin da ke sa wani ya tsawatar wani kuma ya kau da kai. Irin wannan bincike ya fi zama daidai a zamantakewa, ko a makarantar sufuri ta Ojo idan hankalinsa ya fi karkata ga motoci da tashoshi.

Shawarar da na ba 'yar wana ita ce ta shiga tsara birane, bisa sharaɗi biyu: ta ɗauki darasin dabarun hira da ɗa'ar bincike a wajen masu zamantakewa ko da ba za a ba ta maki a kai ba, kuma ta nemi malami na biyu daga can. Dalilina shi ne tambayarta ta wuri ce tun asali, tushen karatunta taswira ne, kuma macen da za ta iya zama a tsakar gida ta yi hira da Hausa da safe, da rana ta buɗe zanen tasha a gaban injiniyoyi ta nuna musu inda matakala ta sauka a wurin da bai dace ba, ba ta da yawa a garin nan. Da a ce abin da ke damunta shi ne dalilin da ke sa iyali su rufe maganar fyaɗe, ko yadda ake sasanta irin waɗannan ƙararraki a gaban manya ba tare da an ji ta bakin yarinyar ba, da ban yi jinkirin tura ta zamantakewa ba, domin babu faɗin titi ko yawan fitilar da zai amsa wannan.

Kafin ta sayi fom na ba ta aiki na mako biyu: ta bi hanya ɗaya tak, daga tashar jirgi zuwa ƙofar gidansu, da asuba da la'asar da bayan isha'i, tare da ƙanenta a na dare, ta rubuta duk abin da ta gani da duk tambayar da ta zo mata. Ta dawo da littafin ya kusa cika. Muka zauna muka raba tambayoyin gida biyu, waɗanda suka fara da "ina" da "yaya za a gyara" a gefe ɗaya, waɗanda suka fara da "wane ne" da "me ya sa" a ɗaya gefen, sai na farkon suka rinjaya, ko da yake ba da tazara mai yawa ba. A shafi na ƙarshe ta rubuta cewa mai shayin lungun yana tashi ƙarfe goma sha ɗaya, kuma daga wannan lokaci ba ta ƙara ganin mace ta bi ta wurin ba. Ranar Talata mai zuwa za ta je Akoka da littafin, ta ga malamai biyu, ɗaya a kowane sashe.